Taswirata da Mai Banda

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur aka haɗa ni da mutumin da har yau ban san ko maƙaryaci ba ne. A lokacin ina karatun digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak, kuma Tafkin Chadi nake bincike a kai: yadda ruwansa yake ja da baya, yadda yake dawowa, da inda yake tsayawa in ya dawo. Da hotunan tauraron ɗan Adam nake aiki. Sai in wuni a ɗakin da na'urar sanyi take ƙagar da yatsu, ina ɗora hoton wannan shekara a kan na waccan, ina shafa wa ruwa shuɗi, ciyawa kore, busasshiyar ƙasa kuma ja. Abokan karatuna 'yan ƙasar suna tsokanata da cewa na tsallako rabin duniya don in leƙa bayan gidanmu ta sama, kuma ban taɓa musa musu ba.

A cikin tafkin aka haife ni, a wani tumbu, wato irin tsibirin da masunta suke kafa bukkokinsu a kai. Ba zan faɗi sunansa ba, domin akwai mutane a can har yanzu, kuma ban san hannun da takardar nan za ta faɗa ba. Ina da shekara tara kawuna ya ɗauke ni zuwa Maiduguri don in yi boko. Yayana, ɗan farin Inna, shi ya zauna a kan ruwa tare da Baba, da Baba ya rasu kuma ya gaji kwalekwalen da komar. Da fitina ta ci yankin, Inna tana cikin waɗanda aka fito da su. Shi kuwa ya raka ta har bakin gaɓa, ya ce zai koma ya ɗauko injin jirginsa ya biyo su. Shekara shida ke nan a lokacin da nake ba da labari, ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Sau biyu aka yaudari Inna da sunansa. Na farko wani ne ya kira ta ya ce ya gan shi a wani sansani a Nijar, ta yi tafiyar kwana biyu a bayan akori-kura, ta dawo da zazzaɓi. Na biyun ya fi muni. Wani ya kira yana kuka yana cewa "Inna, ni ne," ta yanke jiki ta faɗi da wayar a hannu, kuma hannun nan na hagu bai koma daidai ba har yau. Daga nan na sa ƙanwata, wadda Inna take zaune a gidanta, ta karya layin ta saya mata sabo. Mu uku muka san lambar: ni, da ƙanwata, da matata. Na yi wa kaina alkawari cewa ba za a yi na uku ba.

Ban da wannan ma, garin da nake ciki ba ya koya wa mutum yarda. Mu 'yan Najeriya a nan, in ka ji ana Hausa a cikin jirgin ƙasa na MRT sai ranka ya yi fari, kafin a kai tasha ta gaba kuma ka fara tambayar kanka me mutumin yake yi a ƙasar. Kowa ɗalibi ne in ka tambaye shi. Wasu da gaske suke, wasu kuwa rabonsu da aji tun ranar da aka buga musu biza.

Ni na buɗe ƙofar da bakina, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. A wani taron cin abinci da ɗalibanmu suka yi bayan Sallah, aka ce in ɗan yi bayanin bincikena. Ni kuwa in aka ba ni tafkin nan ban san birki ba. Na faɗi yadda yake da faɗi amma ba zurfi, har gora takan taɓa ƙasa kusan ko'ina. Na faɗi yadda tudu ya raba shi kwari biyu, na arewa da na kudu, na arewan yakan bushe ƙaf a noma wake a cikinsa. Daga nan, ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina ba da labarin Yaya, har da rabin babban yatsansa na hagu da igiyar koma ta tsinke tun muna yara. Mutum ya fi hamsin a wurin, kuma ban san rabinsu ba.

Bayan mako biyu, maƙwabcina na hawa na ƙasa da mu a Cheras, wani injiniya mutumin Kudancin Kaduna da muke mutunci da shi, ya tare ni a bakin lif. Ya ce akwai wani a cocinsu da ya ji labarina, yana son ganina, wai ya zauna a tafkin. Na tambaye shi a bakin wa ya ji, ya ce bai sani ba, magana ce dai take yawo.

Muka haɗu a shagon mamak, wato irin gidan shayi da abincin nan na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benenmu, bayan la'asar, ruwan saman nan na kullum yana dukan rumfa. Dogo ne, baƙi, tafin hannunsa duk tsaga, kuma tun kafin ya zauna na ji ƙaurin hayaƙi a rigarsa. Mutumin Taraba ne, Hausarsa irin ta mutanen bakin kogi. Ya ce wani dillali ne ya kawo shi da sunan karatu, ya zo ya tarar makarantar ɗaki biyu ce a saman wani shago, yanzu yana yi wa wani gidan abincin 'yan Afirka bandar tarwaɗa a Sri Petaling. Oga Dakta yake kirana, alhali ko babi na uku ban gama ba, sai na sa wannan ma a cikin abubuwan da ban so ba.

Ya ce kafin ya zo nan gyaran injin jirgi yake yi a tafkin. Shekara uku da suka wuce ya yi sanyi guda cur a wani tumbu, ya kuwa ambaci sunan tumbunmu daidai, har da yadda muke jan ƙarshensa. A can ya sauka a bukkar wani mai rabin yatsa, wanda yake yawan zancen ƙanensa mai karatu da mahaifiyarsa da ta fita Maiduguri. Ya ce mutumin ya yi aure, yana da 'ya mace guda da ya sa wa sunan mahaifiyar tasa, Inna suke kiranta.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na riƙe kofin shayina da hannu biyu. Amma ina jin bugun zuciyata ina kuma tace maganarsa: yatsan ni na faɗa a taro, ƙane mai karatu ga ni zaune, Maiduguri kuwa ina ne mutumin tafki zai fita in ba can ba? Sanya wa 'ya sunan uwa, kowane Bahaushe zai yi. Sunan tumbun kaɗai ne na kasa tuna ko na ambata a taron ko ban ambata ba.

Na tambaye shi me yake so.

"Ba na son komai, Oga," in ji shi. "Number ɗin Mama kawai. Akwai ɗan garinmu mai sayen kifi da yake shiga can. Zai kai masa a takarda, in ya fito inda akwai network sai ya kira ta."

Na ce in haka ne ga tawa lambar. Ya girgiza kai. Ya ce ba mai yarda ya ɗauki lambar ƙasar waje a aljihu ya ratsa shingayen da ke hanyar nan, in aka caje shi aka gani, bayani zai yi ta yi har ya gaji. Kuma masunci da ɗan katin da bai taka kara ya karya ba, ta ina zai kira Malesiya? Maganar tana da ma'ana, kuma hakan ne ya ƙara tsorata ni, domin amsar ta zo da wuri kamar an shirya ta. Lambar ƙanwata ma ba mafita ba ce. Ɗaki ɗaya suke kwana da Inna, kuma ita magana ba ta kwana a cikinta.

Na ce masa zan yi tunani. Da zai tafi ya ajiye mini ƙunshin jarida a kan tebur, ya ce a kai wa Madam. Banda ce.

Matata ta yi miyar kuka da ita washegari. Ni ban ci ba. 'Yarmu ta toshe hanci tana cewa "smelly lah," uwar kuwa ta cinye nata ta ƙara. Ta ce duk tarwaɗar da take saya a kasuwar Cheras ba ta taɓa jin wadda aka ƙona wa baya haka ba, irin ƙunar ciyawa ta bandar Baga, kuma wanda ya iya wannan a tafki ya koya. Na ce mata ɓarawo ma yakan iya girki. Ta ce to, tunda ni ne malamin tafkin, in je in yi masa jarrabawa mana in daina cika mata kunne.

Da wasa ta faɗa, ni kuwa na ɗauka. Ranar Asabar na hau jirgi zuwa Sri Petaling ban gaya masa ina zuwa ba. Na same shi a bayan gidan abincin, a wani lungu tsakanin bango da kwata, ya yanka ganga biyu ya ɗora musu raga, yana juya kifi da hannu ba ko tsumma. Bai nuna mamakin ganina ba. Ya jawo mini bokiti ya kife, na zauna.

Na fara da tambayar da take kayar da duk wanda ya san tafkin a bakin mutane kawai. Na ce, kamar ina hira, ai yanzu damina ta kankama a gida, tafki ya cika ya batse ke nan. Ya dube ni ta cikin hayaƙi ya yi dariya. Ya ce Oga yana gwada shi ne ko kuwa ya manta? Da damina ai ruwan yana can ƙasa. Sai an gama ruwan sama, an yi girbi, sanyi ya shigo, sannan ruwan kogin Shari yake isowa daga kudu, ya bi ta cikin ciyawa a hankali, ka kwanta da busasshiyar ƙofa ka tashi ka ga kwaɗo a bakin bukka. Haka abin yake. Na sha ganinsa a hotuna, wata uku ko huɗu tsakanin ruwan sama da cikar tafki.

Na tambaye shi ɗanɗanon ruwan. Ya ce garɗi gare shi, ana sha, duk da ba inda yake fita, sai dai in ka yi arewa sosai ka fara jin kanwa a harshe. Na tambaye shi hanyoyin jirgi. Ya ce wace hanya, ta yau ko ta jiya? Ya ba ni labarin yadda ciyawa take haɗuwa ta yi dandali, har mutum ya taka ta ya tsaya, iska ta turo ta ta toshe mashigar da ka bi da safe, da yamma ka dawo ka rasa ta inda ka shigo. Ya ce sun taɓa kwana biyu a bayan irin wannan ciyawa suna sara da adda. Ya san gura, tarkon kifin nan da ake saƙawa, ya san dumba, shingen nan na tarkon kifi da ake jerawa a tare mashiga. Ya san tumbunan gabas dogaye ne sirara, duk sun kwanta fuska ɗaya, wanda ni sai a littafi na koyi cewa tsofaffin tuddan rairayi ne ruwa ya kewaye.

Duk amsar da ya bayar daidai, sai in ji haushi ya ƙaru. Na yarda ya zauna a tafkin. To amma mutum dubu nawa ne suka zauna a tafkin? Wanda ya kira Inna yana kuka ma, wa ya sani, wataƙila ya iya saƙa gura.

Sai na yi tambayar ƙarshe. Na ce ya kwatanta mini yadda ake zuwa tumbun.

Ya ajiye kifin hannunsa ya zana a ƙasa da gawayi. Ya ce in ka tashi daga Baga da jirgin inji, gabas za ka yi, ka wuce buɗaɗɗen ruwa, ka shiga cikin dogayen tumbunan nan na ɓangaren Chadi. Kwana biyu ne in ciyawa ba ta tare ka ba. Ya ce ruwan gaban tumbun yana da zurfi, gora takan nutse har ta kusa ƙarewa, shi ya sa manyan jirage suke iya tsayawa.

Na miƙe daga kan bokitin. Na yi sallama na tafi, kuma a cikin jirgi ina jin wani irin daɗi mai ɗaci, na wanda ya kama ɓarawo a ɗakinsa. Tumbunmu yana yamma, a ɓangaren Najeriya. In ka bar Baga da sassafe da gora, kafin hantsi ya dubi ludayi ka isa. Na san wannan da ƙafata, na kuma san shi a taswira, domin yana cikin tsohuwar taswirar da na ɗora aikina a kai, ɗigo ne baƙi da sunansa a gefe. A hotunana wurin ya fi shekara goma da bushewa. Itatuwa sun tsiro a kai, har sawun amalanke ana gani.

Da na bar maganar a nan da ya fi. Amma ina da zafin kai, kuma abin da aka yi wa hannun Inna bai bar ni ba. Na ce wa maƙwabcina ya kira mini mutumin nasa, shi ma ya zo ya zama shaida. Muka zauna a teburin nan na mamak, na buɗe kwamfuta, na juya musu ita. Na nuna Baga, na nuna ɗigon, na nuna jan launin da ya kewaye shi. Sannan na ja yatsana har can gabas inda ya kwatanta, na ce su duba ko akwai wannan suna a wurin.

Mutumin ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Na lura bai ma gane ina ne ruwa ina ne tudu ba, sai da maƙwabcina ya nuna masa.

"Oga Dakta, ni ban san wannan ba," ya ce. "Ni dai inda na same su ke nan, kuma sunan da suke kiran wurin ke nan."

Na ce masa a wurin aka yanke mini cibiya, kada ya koya mini garinmu. Na ce ya ji suna a bakin mutane ya ɗauka, ya manta bai tambayi inda wurin yake ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, har mai kawo shayi ya tsaya yana kallonmu. Maƙwabcina yana ta cewa in yi haƙuri, a bi a hankali. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya ce Allah ya ba Mama lafiya, ya fita cikin ruwa ba lema.

A ranar na rubuta gargaɗi a zauren wayarmu na 'yan arewa, cewa a yi hattara da wani mai bin mutanen da 'yan'uwansu suka ɓata yana neman lambobin iyayensu. Ban sa suna ba, amma na ce yana banda a Sri Petaling, kuma mai banda ɗaya ne a Sri Petaling. Aka yi ta yi mini godiya. Maƙwabcina ya rage gaisuwa, daga baya ya gaya mini mutumin ya daina zuwa coci. Ban ji komai ba a lokacin, na ɗauka na tsare uwata ne.

Wata biyar bayan haka malamar da take duba aikina ta ce babina na tarihin matsugunai ya bushe da yawa, hotuna ne kawai ba bakin mutane, in nemi tsofaffi in tambaye su. Tsohuwar da ta fi kusa da ni ita ce Inna. Na kira ta da la'asar ɗinmu, su can hantsi ne, ta gama karin kumallo. Bayan gaisuwa na ce ta ba ni labarin yadda aka kafa tumbunmu.

Ta ce wanne daga ciki?

Na ce namu mana, inda aka haife ni. Ta yi dariya, irin wadda take yi mini in na yi tambayar 'yan boko. Ta ce inda aka haife ni ai zama na uku ne. Na farko kakana ne ya kafa shi can arewa, da ruwa ya gudu suka bi shi. Na biyu ruwan ne ya kore su, ya cinye bukkokin a sanyi guda. Ta ce mutanen ruwa ba sa barin suna a kan busasshiyar ƙasa, da shi suke tafiya kamar yadda suke tafiya da tukwanensu, duk inda mai unguwa ya kafa bukka nan ne garin. Bayan tafiyata makaranta ma sun sake tashi sau ɗaya, ba nisa, shi ya sa ba wanda ya ga abin faɗa mini. Ni kuma duk hutun da na yi, a Baga nake samunsu lokacin kasuwa, ban sake taka tumbun ba.

Na ajiye biron da nake rubutu da shi. Na tambaye ta to yanzu fa, ko akwai inda ake kira da sunan.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, ko a bayan idonsa sai dai ta ce "wancan." Ta ce wata mata da suka haɗu a asibiti bara ta gaya mata cewa waɗanda ba su fito ba sun yi gabas, sun shiga ɓangaren Chadi, cikin dogayen tumbunan nan, inda ruwa yake da zurfi. Kwana biyu daga Baga, in ji matar, amma ita ma ji ta yi.

"Ban gaya muku ba don kada ku ce na fara," ta ce. "Na san kun gaji da ni. Da dai zan sami wanda ya taka wurin da ƙafarsa, da na tambaye shi ko ya ga wancan. Me ya sa ka tambaya?"

"Karatu ne, Inna," na ce.

Ta sa mini albarka, ta ce Allah ya sa a gama lafiya.

Washegari ban je makaranta ba, Sri Petaling na nufa. Gangunan suna nan a lungun, amma wani ne daban a kansu, ɗan Ghana, bai san komai ba. Mai gidan abincin, wata mata mai jiki da ba ta son dogon zance, ta ce ita ta sallame shi, domin masu cin abincinta sun fara ƙorafi bayan wani saƙo da ya yi yawo a waya. Ba ta san ni na rubuta ba, ni kuma ban faɗa ba. Ta ce wasu sun ce ya tafi Johor aikin gini, wasu sun ce ya koma gida. Lambarsa ba ta shiga. Maƙwabcina ya tambaya mini a coci, ba wanda ya san garinsu a Taraba, balle sunan mai sayen kifin.

Har yanzu nakan zauna in sake tace maganar. Yana yiwuwa ya san inda tumbun ya koma kuma duk da haka ƙarya yake yi game da Yaya, ɗayan bai hana ɗayan ba. Nakan riƙe wannan tunanin kwana biyu in ji sauƙi. Sai kuma in tuna maƙaryacin da ya ji ni a taro zai bi abin da na faɗa ne, ya ce yamma, kusa da Baga, don ya faranta mini. Shi kuwa ya tsaya a kan gabas, ina zaginsa a gaban mutane bai canja ba.

Matata ba ta taɓa cewa ai ta faɗa mini ba, kuma na fi son da ta faɗa. Ita ce dai ta ba ni takarda da biro ranar da zan koma Sri Petaling karo na uku. Na rubuta cewa ina neman mai bandan da ya yi aiki a nan, duk wanda ya san inda yake ya isar masa da wannan. Na sa lambata. Na daɗe a tsaye a bakin kantar, sannan na rubuta ta Inna a ƙasanta, domin ita ya nema, kuma ban san ko zai yarda ya sake kirana ba.

Mai gidan abincin ta manna takardar a bango kusa da inda ake karɓar tapau, wato abincin da ake ƙunshewa a tafi da shi, tsakanin tallar ɗakin haya da ta masu aika kaya gida. Duk wanda ya shigo sayen abinci yana iya karantawa, na kirki da na banza. Na kira ƙanwata na ce in baƙuwar lamba ta kira Inna, ta yi ƙoƙari ta riga ta ɗauka. Ta tambaye ni wa na ba lambar, na ce mata ban sani ba tukuna.